Sunan da Muke Gogewa da Burodi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban wannan zama, kuma shugaban ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin mujallun zane, Ustaz Wagdi al-Banhawi. Mai girma baƙonmu Dokta Safwat, wanda ya zo a madadin kwamitin baje kolin da za a buɗe a wata mai kamawa. Hajiya Nabawiyya, uwar ƙungiya, wadda ba don ita ba da ko kujerun da muke zaune a kai ba mu samu ba. Dattawan kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya, waɗanda na tarar da waɗanda suka tarar da ni. Baƙinmu da suka hawo jirgin ƙasa daga Iskandariyya da Tanta da Mansura. 'Yan'uwana maza da mata, Musulminku da Kiristanku, masu saye da masu sayarwa da waɗanda kallo kawai ya kawo su: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da Ya sake tara mu a wannan zaure da ranmu da lafiyarmu. Ina godiya ga shugabanni da suka ga dacewar a ba ni wannan dama, ni Fathalla, mai rumfa ta goma sha bakwai, wanda shekara arba'in da ɗaya ke nan yana shaƙar ƙurar takarda. An rubuta a takardar shirin taro cewa zan yi magana a kan darajar tsofaffin ƙasidun kamfanonin rarraba mujallu, kafin a fara gwanjo bayan la'asar. Na san dalilin da ya sa aka sa ni a wannan gurbi: ana so tsoho ya hau ya zuga kaya, farashi ya yi zafi, kowa ya koma gida yana murmushi. To, zan yi maganar daraja kamar yadda aka nema. Amma ina roƙonku gafara tun yanzu, domin raina a ɓace yake, kuma ba ni da niyyar ɓoye muku.

Abu na farko, don 'yan'uwanmu da suka shigo harkar nan bana da bara. Ƙasidar nan da kuke gani cikin leda a kan teburin gwanjo, ana lallaɓa ta kamar jaririya, ba don ku aka buga ta ba, ba kuma don yara masu karatu ba. Kamfanin Shalabi da 'Ya'yansa ne yake aika ta kowane wata ga masu rumfunan jarida: shafi goma sha shida, takarda mafi arha a duk Alƙahira, da jerin mujallun da za su fito, da ɗan hoton bangon kowace, da farashinta, da ranar zuwanta. Mai rumfa ya duba, ya yi alama, ya faɗi nawa yake so. Wata na ƙarewa sai ta koma hannun mai ta'amiyya, ƙosan nan namu na wake, ya naɗe wa mutane karin kumallo, ko mai gasassun 'ya'yan kankana ya murɗa ta ya yi mazubi. Ni da bakina na sha cin abincin da aka naɗo cikin abin da yau ake kira dukiya.

Shi ya sa ta yi tsada. Yaro yana ɓoye mujallarsa a ƙarƙashin katifa, amma babu wanda ya taɓa ɓoye ƙasida. Mujallar da aka buga dubu tamanin, yau za ka same ta a fam ɗari biyu. Ƙasidar da ta yi tallarta, in ta tsira daga mai da wuta da ɓera, sai ka ji an kira dubu takwas ba a ko ƙifta ido ba. Kuma ta cancanta, ban musa ba. Ita take gaya mana ranar da kowace fitowa ta shigo kasuwa. Ita take nuna mana bangon da aka zana aka fasa bugawa. Ita take raba gardamar da mutum biyu za su shekara suna yi a gidan shayi. Har nan babu inda muka saɓa da kowa a cikin zauren nan.

Abu na biyu shi ne inda muka lalace. Mun zauna da kanmu, babu wanda ya tilasta mana, mun kasa ƙasidu gida uku: akwai fes, akwai mai ɗan tabo, akwai mai rubutu. Fes ita ce sarauniya. Mai rubutu kuwa, wadda mai rumfa ko wakilin kamfani ya taɓa da fensir, mun ce ta zubar da kashi uku cikin huɗu na kuɗinta. Da muka kafa wannan doka sai muka nemo dabarar kauce mata. Kada kowa ya sunkuyar da kai, duk mun san ta. Ba a sa magogin 'yan makaranta, domin yana kankare fuskar takarda, mai saye ya gane. Burodin fino ake saya mai ɗumi, a ciro tsokar cikinsa, a mulmula, a riƙa mirgina ta a hankali a kan rubutun har ta shanye baƙin fensir ɗin. Muna koya wa juna. Muna alfahari da wanda hannunsa ya fi laushi. Na ji da kunnena ana yabon wani a kasuwa ana cewa, "Wane ai in ya goge, ko wanda ya yi rubutun sai ya rantse bai yi ba."

Jama'a, me muke gogewa? Mun taɓa tsayawa mun karanta? Muna goge hannun mai rumfar da ya rubuta cewa wannan ba ta tafiya a unguwarsa. Muna goge hannun wanda ya rubuta cewa an hana wannan fitowa, a mayar. Muna goge abin da babu shi a ko'ina cikin duniya sai a wannan shafi, don mu bar abin da injin ya buga sau dubu. Sannan mu sa kwat, mu yi hayar zaure, mu kira kanmu masu adana tarihi. Wane tarihi? Masu wanki ne mu, wanki da guga, illa dai mai wanki na gaskiya yakan mayar wa mutum rigarsa.

Abu na uku, kuma shi ya tsayar da ni a gabanku yau. Ku dubi layi na biyu, gefen taga. Dattijon nan mai sanda, da 'yarsa Mariyan a kusa da shi, shi ne Ammu Milad Girgis, mutumin unguwar Shubra. Da yawanku ba ku san fuskarsa ba, amma babu wanda ya haura hamsin a nan da bai girma a hannunsa ba. Wa ya karanta labarin zanen nan, Jirgin Tagulla? Ku ɗaga hannu, ba kunya ba ce. Na gode, ku sauke. Shekara goma sha ɗaya, duk ranar Alhamis, shafi huɗu. Kuma duk shekarun nan, a ƙasan shafin farko, sunan da kuke gani shi ne Sinyor Maranzi, wai wani gwanin zane daga Italiya. To, babu wani Maranzi. Ba a haife shi ba, bai sha nono ba, bai taɓa riƙe alƙalami ba. Ga Maranzinku nan zaune, ya zo da motar haya daga Shubra, shekararsa tamanin da huɗu.

Shi ya ba ni labarin yadda aka yi. Ya ce ranar da ya kai zanensa na farko, mai mujallar ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Kai ka yi wannan? Wallahi hannunka na da kyau. Ya sunanka?" Ya ce, "Milad." Mutumin ya fashe da dariya ya ce, "Milad? Wa zai sayi Milad? Kana so uwar yaro ta ciro kurush uku daga kuɗin cefane saboda zanen ɗan mai guga? Haba ɗana, mutanenmu in ba su ji ƙamshin teku a jikin abu ba, ba sa buɗe jaka." Ya ɗaga kai sama, ya karanta sunan da ke jikin fankar ofishinsa, ya ce, "Daga yau kai ne wannan." Ammu Milad ya ce mini, "Ka ga, Fathalla, ni ne mutum na farko a Masar da aka raɗa wa sunan fanka. Kuma ita ta fi ni sa'a, ita aƙalla ana kashe ta ta huta."

Ya karɓa, don yana da uwa da ƙanne huɗu. Mujallar ta mutu, mai ita ya mutu, ainihin zanen da ke ma'ajiyarsu aka sayar a kan sikeli. Yanzu ga baje koli za a yi, irin wanda ba a taɓa yi ba, za a rataye Jirgin Tagulla a bango guda shi kaɗai. Mariyan ta je ta ga allon da aka shirya mannawa a ƙarƙashinsa: Sinyor Maranzi, Italiya, ba a san shekarar haihuwarsa ba. Ta dawo ta karanta wa mahaifinta. Ta ce ranar bai ci abinci ba.

Ba ni da rigima da Dokta Safwat, kuma ina so a shaida. Ya karɓi Mariyan da mutunci, ya saurare ta, ya ce mata gaskiyar aikinsa: "'Yata, na yarda da ke a zuciyata, amma zuciyata ba hujja ba ce. Mutum uku sun riga ki zuwa, kowa ya ce kakansa ne Maranzi. Ki kawo mini takarda ta wancan zamanin, in riƙe ta a hannuna, in auna ta, zan canja allon da kaina. Amma ranar Alhamis za a kai alluna wurin bugawa." Yau Asabar. Ku ƙirga da yatsunku.

Takardar kuwa akwai ta. Wakilin Shalabi mai zagaya rumfunan Shubra a kan keke, marigayi Ammu Bayyumi, mutum ne da bakinsa ba ya riƙe magana, fensirinsa ma haka. A ƙasidar watan Maris ta shekarar alif ɗari tara da sittin da takwas, shafi na tara, a gefen hoton Jirgin Tagulla, ya rubuta wa masu rumfunan unguwar: "Maranzin nan Milad ne ɗan Girgis mai guga. Ka ƙara ashirin, unguwa za ta saya." Ba don tarihi ya rubuta ba, Allah Ya jiƙansa, ciniki yake nema. Amma a duk faɗin ƙasar nan, shi kaɗai ne ya haɗa sunayen nan biyu a kan takarda ɗaya tun abin yana ɗanye. Kuma Dokta yana da wasu rubuce-rubucen Bayyumi da zai gwada hannun da su.

Cikin ƙasidun da ya yi wa wannan rubutu, uku muka san sun tsira. Biyu sun bi ta hannun 'yan ƙungiyar nan, kuma yau fes suke, fes kamar ba a taɓa haihuwar Milad ba. Ta ukun tana kan teburin can, lamba talatin da ɗaya, kayan ɗan'uwana kuma maƙwabcina a kasuwa, Ramzi Abul-Ila. Zauna, Ramzi. Zauna, ban gama ba, in na sauka ka hau ka ce ƙarya nake yi.

Jiya bayan sallar Juma'a na same shi a rumfarsa. Ya nuna mini ita, na buɗe shafi na tara, rubutun yana nan daram. Ya ce akwai mai saye daga waje da ya riga ya yi magana ta waya, zai kai dubu goma sha biyu, da sharaɗi ɗaya: a miƙa masa ita fes, ranar Lahadi da safe kafin jirginsa ya tashi. Na ce, "Ramzi, ka ji tsoron Allah, ka san abin da ke shafin nan." Ya ce, "Kai Fathalla, tsufa ya fara taɓa ka. Dubu goma sha biyu fa, ranka ya daɗe! Kai in ka samu, tofar da ita za ka yi?" Na ce, "Sayar masa da ita da rubutunta a jiki." Ya ce, "Da rubutun ko kuɗin taba ba zai ba ni ba. Mutumin bango zai rataya ta, ba karatu zai yi ba." Na ce, "To ara wa Dokta kwana uku." Ya ce, "Jirgin zai jira Dokta ne? Ga waya nan, ɗauki hoto, ka kai musu." Na ce, "Hoton fensir? Wanda jikana zai iya haɗawa a kan waya kafin shayinka ya huce? In an goge na jikin takardar, hoton shaidar me zai yi?" Sai ya kalle ni ya ce, "Wai shi Milad ɗin ɗan gidanmu ne? In suna yake so, ya rubuta a ƙofar gidansa. Kuma kai, malam mai wa'azi, wa ya koya mini mulmula burodi?"

Wannan tambayar ita ce ta hana ni sukuni, kuma zan amsa ta a nan, a gaban kowa, domin ba zan tsaya ina nuna mutane da yatsa ina ɓoye hannuna ɗaya a aljihu ba. Ni na koya masa. Kuma cikin ƙasidu biyun da na ce an goge, ta farko ni ne. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta zo mini cikin buhun takardun wani mai rumfa da ya rasu. Na aika aka sayo mini burodi. Na karanta rubutun, jama'a, ban ce ban karanta ba. Na karanta, na yi dariya, na ce ashe Maranzi ɗan Shubra ne, na mirgina burodina a kai. Minti biyar bai cika ba. Na sayar da ita da daraja ta ɗaya, na yi ta ba da labarin cinikin har mako guda.

Wannan bai isa ba. A watan jiya Ammu Milad ya zo rumfata, Mariyan tana riƙe da hannunsa. Na ba shi kujera, na sa aka kawo shayi. Ya ce, "Ya Fathalla, an ce takardun duniya duk ta hannunka suke bi. Don girman Allah, ba ka taɓa cin karo da sunana a wani wuri ba? Ko a gefe, ko da kuskure?" Na dubi dattijon nan, wanda na koyi karatu a kan zanensa, na ce, "Wallahi Ammu, ban taɓa ba." Na rantse masa. Ya ce, "Ba komai, ɗana, Allah Ya yi maka albarka," ya shanye shayinsa, har ya nemi ya biya.

To Ammu Milad, ga ni a gaban mutum ɗari biyu. Ƙarya na yi maka. Na ga sunanka, na gan shi da rubutun Bayyumi, na goge shi da burodin da bai kai fam ɗaya ba. In ka yafe, halinka ne. In ba ka yafe ba, haƙƙinka ne, kuma ba zan bi ka ina roƙo ba. Na sani kuma maganata ba za ta canja allo ba. Shaidar mutumin da ya rantse a kan ƙarya wata guda da ya wuce, ko ni ne Dokta ba zan karɓa ba.

Saboda haka fushina ba a kan Ramzi kaɗai yake ba. Ramzi yana da iyali, kuma bai yi komai ba sai abin da ya ga manya suna yi ana tafa musu. Fushina a kanmu yake, mu da muka ce hannun mutum tabo ne. Mu da muka ɗauki takardar da ta tsira daga mai ta'amiyya shekara hamsin da ɗoriya, ta tsira daga damshi, ta tsira daga ɓera, sai da ta iso hannun masoyanta sannan aka cuce ta. Wancan mai mujallar ya cire sunan Milad sau ɗaya, yana da uzurin jahilcin zamaninsa. Mu mun cire shi sau biyu, da ilminmu, da tabaraunmu, kuma muna shirin na uku bayan la'asar.

Ya shugaba, abu biyu nake nema, kuma ina so a ɗaga hannu a kansu yanzu, ba a kafa kwamiti ba, domin na san kwamitocinmu. Na ɗaya, daga yau duk wanda ya goge rubutu a jikin ƙasida, a cire sunansa daga ƙungiya, kuma in ana so a fara da abin da ya wuce, ga katina nan na ajiye a kan tebur, a fara da ni. Na biyu, a janye lamba talatin da ɗaya daga gwanjon yau, ta kwana a hannun Dokta har Alhamis. Mai saye in ya ga dama ya jira, in bai ga dama ba Allah Ya kai shi gida lafiya. Ramzi zai yi asara, ban ɓoye ba, asara mai ciwo. Ba ni da abin da zan ce masa a kan wannan sai dai cewa ni na ci ribar tawa, kuma yau da za a ce in mayar da ninkinta goma a dawo da layin nan guda, da ban tsaya ciniki ba.

Na ga ka sake miƙewa, Ramzi. A'a, ku ƙyale shi, kada kowa ya riƙe shi, kayansa ne. Ku ba shi hanya ya isa teburin.

Kada ka kawo mini. Hannuna ba zai sake taɓa shafin nan ba. Wuce da ita layi na biyu, ka ba Mariyan. Cire ledar, ɗan'uwana, cire ta, ba za ta narke ba. Dokta, in ka yarda ka matso kusa, ka gani da idonka.

Ya Allah, Ka jiƙan Bayyumi da duk masu rumfunan da suka riga mu, Ka haskaka makwancinsu. Ya Allah, Ka musanya wa Ramzi da abin da ya fi wanda ya bari, Ka sa albarka a rumfarsa da 'ya'yansa. Ka ƙara wa Ammu Milad lafiya da nisan kwana, Ka kai shi ranar buɗe baje kolin nan da ƙafarsa. Ka shirye mu, mu masu wannan sana'a, Ka yafe mana abin da hannuwanmu suka shafe wanda ba za mu iya dawo da shi ba. Ka mayar da baƙinmu gidajensu lafiya, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya.

Yanzu ina roƙon kowa ya yi shiru, har masu shayi a baya. Idon Ammu Milad ba ya ganin fensir. Mariyan, shafi na tara, gefen dama. Karanta masa da ƙarfi, 'yata, kunnen ma ya yi nauyi.

Na gode.